Shin soshiyal midiya ce ta cika dajin gwamnati da maharba a Amurka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai tambayarka kashi biyu ce. Ka ce kana zaune a Denba, babban birnin jihar Kolorado, ka fara farautar elk a dajin gwamnati na Kolorado, a wani wuri da wani dattijo abokin aikinka ya nuna maka, da can mota uku ko huɗu ake tararwa a bakin hanyar shiga, bana ka je ko wurin fakin babu, kuma dattijon ya rantse wani bidiyon YouTube ne ya tona wurin. Shine kake tambaya wai da gaske soshiyal midiya ce ta kawo cunkoson, sannan kai ma kana son buɗe tasha ka riƙa ɗora farautarka da Hausa, ko akwai laifi a ciki.

Toh dattijon bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya faɗa maka. Ni abin da na gani a aikin kula da namun daji a yammacin ƙasar nan, da kuma a matsayina na mai shiga dajin da kaina, shine soshiyal midiya bata ƙaro maharba masu yawa haka ba, abin da tayi shine ta kwashe waɗanda dama akwai su ta tara su wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Kuma wannan ya fi ƙaruwar adadi illa.

Saboda 'yan gida da zasu karanta bari in ɗan share fage, dan wani zai ce meye matsalar taro a farauta, ai mu a wajenmu farauta da gayya ake yinta, da karnuka da makaɗa da kirari, in mutane suka yi yawa ma shine tayi armashi. Nan ba haka bane. Farautar elk ta fi kusa da aikin maharbi, mutum ɗaya ko biyu, shiru, kana kula da inda iska ke kaɗawa dan kar dabbar ta shaƙi warinka, kuma doka ta hana bin elk ko barewa da kare a Kolorado. Elk ɗin nan babbar dabba ce dangin barewa, namijin yana kaiwa kilo 300 ko fiye, amma duk girmanta mutum ɗaya ya ratsa kwarin da take kwance da iska a bayansa shikenan garken ya bar wurin, wani lokacin sai bayan kwanaki. Kaga kenan mota ashirin a bakin hanya ba ƙaramin abu bane.

Ƙasar kuma ta kowa ce. Gwamnatin tarayya na riƙe da kusan eka miliyan 640, wajen kashi 28 cikin ɗari na faɗin Amurka, hukumar kula da filayen gwamnati da ake kira BLM na da wajen miliyan 245, hukumar gandun daji ta tarayya na da wajen miliyan 193, kuma mafi yawansu a jihohin yamma da Alaska suke. Nebada kusan kashi 80 ɗinta na tarayya ne, Kolorado ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku, Teksas kuwa wajen kashi 95 na ƙasarta a hannun masu fili take. Shiga dajin kyauta ne ga ɗan kowace jiha, amma dabbar da ke ciki jiha ce ke da iko da ita, ita ke sayar da lasisi da tag, wato takardar da ta baka izinin dabba ɗaya a yanki kaza a kwanaki kaza. Riƙe wannan, dan duk rigimar a kan tag take ƙarewa.

Yanzu batun adadi. Masu lasisin farauta a Amurka sun kai ƙololuwa a 1982, kusan miliyan 17, lokacin mutanen ƙasar basu wuce miliyan 232 ba. Tun daga nan adadin yake yawo tsakanin miliyan 14 zuwa 16 alhali jama'ar ƙasar ta haura miliyan 330. Wato in ka duba ƙasar gaba ɗaya maharba basu ƙaru ba, kasonsu ma raguwa yayi. Toh daga ina motocin suka fito? Daga Teksas da Mizuri da Wiskonsin da Pensilbeniya, ka duba lambobin motocin da kanka in ka koma. Mutumin da a da yake harbin barewa a gonar kawunsa a ƙarshen mako, yanzu ya ɗauki hutun kwana goma ya tuƙo mota awa ashirin ya zo neman elk, kuma ba jiha ɗaya yake nema ba, yana cike takarda a jihohi biyar ko shida duk shekara. Shi dama maharbi ne ba sabon shiga ba, a bakin hanyarka kuwa sabon mutum ne.

Abin da ke tsare waɗannan wuraren a da ba shinge bane ba kuma doka ba, rashin sani ne. Kafin ka san inda filin gwamnati ya ƙare na mutum ya fara sai ka sayi taswirar takarda, ka je ofishin ƙaramar hukuma ka duba littafin filaye, ka yi ta kiran waya, kuma duk da haka tsoron kar ka taka filin wani a ci ka tara ya isa ya sa ka haƙura. Sanin kwarin da elk ke shiga in aka matsa musu kuwa sai wanda ya shekara yana bin dutsen, ko ya gada daga ubansa. Wannan wahalar ita ke rarraba mutane, mai haƙuri ya samu, mai gaggawa ya koma gida. A 2009 wani mutum Eric Siegfried ya kafa kamfanin taswira onX a Missoula ta jihar Montana, da farko ɗan kati ne da ake sakawa a na'urar GPS, daga baya ya koma manhajar waya, yanzu da kuɗin da bai kai na cika tankin mota biyu ba a shekara kana ganin iyakar kowane fili da sunan mai shi da ɗigon da ke nuna inda kake tsaye ko babu sabis. Sai irinsu GoHunt suka zo suka tattara alƙaluman jihohi, ka danna kace ina son yankin da ake samun tag ba tare da an tara makin shekarun jira ba, mai filin gwamnati da yawa, mai yawan nasara, nan take ya jero maka. Abin da mutum ke shekara goma yana tarawa ya koma aikin dare ɗaya a kan kujera.

Bidiyo kuma shi ya kawo sha'awar. Steven Rinella ya fara shirinsa MeatEater a 2012 daga baya ya hau Netflix, Randy Newberg na Montana ya shekara da shekaru yana koyar da yadda talaka zai nemi tag ya yi farauta a filin gwamnati ba tare da ɗan jagora ba, The Hunting Public suka fito a 2017 suna yawo jiha jiha suna farautar barewa da talotalon daji a filayen jama'a. Saƙonsu duka ɗaya ne, wannan ƙasar taka ce, kai ma zaka iya. Kuma gaskiya suka faɗa, sai dai an faɗa wa miliyoyi a lokaci guda.

Anan ne nake ganin mutane ke kuskuren fahimta, har da dattijon naka. Kowa na kallon tona wuri ɗaya, wani ya ɗora hoto an gane dutsen, shekara mai zuwa an cika wurin. Yana faruwa, ba musu, akwai masu zama da hoton mutum da Google Earth suna juya tsaunuka har sai layin saman dutsen ya dace, wlh wasu aikinsu kenan duk lokacin sanyi. Amma wannan illarsa kwari ɗaya ce. Wanda ya fi shi shine tona jiha sukutum, mutum ya fito yace Kolorado ana sayen tag ɗin elk a kanti ba sai an shiga ƙuri'a ba, bai ambaci dutse ko ɗaya ba amma ya turo dubbai. Wanda kuma ya fi duka, kuma ba wanda ake zargi da shi, shine kowa darasi ɗaya ya karanta. Duk bidiyon koyarwa abu ɗaya suke faɗa, ka yi nisan mil biyu ko uku daga titi, ka nemi gangaren da ke fuskantar arewa mai duhuwar itatuwa, kusa da ruwa, kusa da fili mai ciyawa, in akwai inda gobara ta taɓa ci shekarun baya ya fi, in akwai mashiga tsakanin tsauni biyu ka sa mata alama. Toh mutum ɗari biyar sun buɗe taswira ɗaya da hoton tauraron ɗan'adam ɗaya da sharuɗɗa ɗaya, ina kake tsammanin zasu sa alamarsu? Wuri guda. Kowannensu yana ganin shi kaɗai ya gano, sai ranar buɗe farauta su haɗu da fitilun goshi da asuba suna harare-harare. Dan haka zai yiwu ma ba wanda ya tona wurin dattijon, wurin ne kawai ya cika sharuɗɗan.

Su kuma dabbobin ba wawaye bane. A Yuta masu bincike na jami'ar Brigham Young tare da hukumar namun dajin jihar sun saka wa elk abin wuya mai GPS, suka ga da zarar an buɗe farauta sai su tsallaka filayen masu gandun kiwo inda ba mai shiga, in an rufe su dawo. An ga irin haka a Montana ma. Shi yasa zaka ji hukuma na cewa garken yankin kaza ya wuce adadin da ake so, kai kuma ka kwana biyar baka ga ko kashinsu ɗanye ba, duk gaskiya kuka faɗa, suna can cikin gonar ciyawar alfalfa a bayan shingen waya suna kallonka. Kolorado ita ce ta fi kowace jiha yawan elk, wajen 300,000, amma a farautar tag ɗin kanti cikin mutum goma da ƙyar ɗaya ko biyu ke komawa da nama.

Sakamakon da ya fi ciwo ba rashin wurin fakin bane. In taro yayi yawa 'yan jiha su kai kuka, hukuma kuma makami biyu gareta, ƙuri'a da farashi. Aidaho ta ƙayyade tag ɗin baƙi yanki yanki daga 2021, ranar 1 ga Disamba ta zama ranar da dubban mutane ke layi a intanet tun safe, ƙarshe dai suka mayar da abin ƙuri'a daga kakar 2026. Arizona ta sa iyaka a tag ɗin barewa na masu harbi da baka wanda baƙi ke saya kai tsaye. Misisipi ta sa baƙi shiga ƙuri'a kafin su farauci talotalo a filin gwamnati a farkon lokacin farautarsa. Wayomin a 2022 ta rage kason baƙi a manyan dabbobi irin ragon dutse da bauna zuwa kashi 10. Jiharka kuwa daga 2025 baƙo baya iya sayen tag ɗin elk na baka a kanti a yammacin babbar hanyar I-25, sai ya shiga ƙuri'a. Kuma duk jihar da ta rufe ƙofa taron baya ɓacewa, maƙwabciya yake kwarara, ita ma bayan shekara biyu ta rufe tata.

Ga kuma batun maki. A Kolorado duk shekarar da ka nema baka samu zaɓinka na farko ba ana baka maki ɗaya, mai maki mafi yawa shi ke fara samu. Ka ɗauka misali yanki na bada tag goma a shekara, masu jira ɗari uku, duk shekara goma ne ke fita layi sauran kowa ya ƙara maki, kaga adadin da ake buƙata shi ma hawa yake yi, kai kana tafiya shi ma yana tafiya. Yankunan arewa maso yamma irin 2 da 10 da 201 yanzu sai wanda ya tara sama da shekara ashirin, wanda ya fara yau kusan ba zai taɓa riskarsu ba. Matasan da bidiyo ya jawo sune suka fi cutuwa da wannan, an kira su biki an rufe ƙofa suna hanya.

In kana neman wanda zaka ɗora wa laifi ka bi kuɗin. Tun dokar Pittman-Robertson ta 1937 ana karɓar harajin kashi 11 a kan dogayen bindigogi da harsashi, daga baya aka haɗa da kayan baka, ana raba wa jihohi, kuma rabon ya dogara da faɗin jiha da yawan masu lasisinta. Ƙari a kan haka baƙo na biyan sama da dala 700 a tag ɗin elk na Kolorado alhali kai ɗan jiha ko ɗari baka biya ba. Kaga hukumar da albashinta ke fitowa daga lasisi dole ta so a ƙaru. Shekaru suna tsoron maharba zasu ƙare, suka fito da shirin jawo sababbi da riƙe tsofaffi da dawo da waɗanda suka bari, har wasu jihohin suka biya masu bidiyo su zo su tallata farautarsu. Kamfanonin kaya su ma haka, sabon maharbi shine mai sayen jaka da takalmi da tabarau da riga mai tsada, tsohon maharbi rigarsa ta shekara goma sha biyar yake sawa. Shi kuma mai tasha dole ya kawo sabon bidiyo duk mako, ma'ana dole ya nemi tag a jihohi da yawa ya harbi dabbobi fiye da abin da gidansa zai ci. Wannan ne Matt Rinella, ɗan'uwan Steven na jini kuma masanin kimiyyar kiwo a Montana, ya fito ya soka a 2021, ya kafa abin da ya kira Hunt Quietly, yana cewa a daina bin masu farauta dan a gani. Rigimar har cikin gida ta shiga kenan. Ni ina ganin a batun kuɗin yana da gaskiya sosai, inda na rabu da shi shine yadda wasu mabiyansa ke magana kamar duk sabon shiga ɓarawo ne, alhali irina da irinka da bamu gaji dutse daga kowa ba, ba dan wannan bayanin ya fito fili ba da har yau muna kallo daga titi.

Kuma adalci ne a faɗi alherin abin. A 2017 ɗan majalisa Jason Chaffetz na Yuta ya kawo ƙudirin sayar da eka miliyan 3.3 na filin tarayya, maharba da masunta suka yi masa ca a intanet, cikin 'yan kwanaki ya janye, a Instagram ma ya sanar. A 2025 sanata Mike Lee ya sake gwada saka sayar da filaye cikin babbar dokar kasafi, aka sake taso shi, ya cire. Mutanen nan da suka cika maka wurin fakin sune suka cika wayoyin ofishin sanatocin. Da dajin na tsofaffi ɗari ne masu ɓoye sirrinsu da tuni an yi gwanjon wani ɓangare.

Sannan akwai abubuwan da basu da alaƙa da waya ko kaɗan. Mutanen Kolorado a 1990 wajen miliyan 3.3 ne, a 2020 sun kusa miliyan 5.8, kuma ko wanda baya farauta yana cikin dajin da keke ko kare ko tanti duk shekara, a kewayen garin Vail na Kolorado garken elk ya ragu ƙwarai kuma masana na danganta shi da wannan damun musamman lokacin haihuwa. Korona a 2020 ta turo kowa waje. Filayen masu gona da a da kana ƙwanƙwasa ƙofa a ce shiga, yanzu an bayar da su haya ga masu kai attajirai farauta, waɗanda aka kora daga can ina zasu je in ba filin gwamnati ba. Sannan sanyin 2022 zuwa 2023 ya kashe dabbobi da yawa a wajen garuruwan Craig da Meeker a arewa maso yammacin Kolorado, hukuma ta zaftare tag ta kuma gajarta kwanaki a can, mutanen da suka saba zuwa can suka watsu sauran yankuna. In wurinku ya cika daga 2023 ne ka sa wannan a lissafi.

Toh batun tasharka. Ba haramun bane ba kuma laifi bane a doka, kuma tunda da Hausa zaka yi yawancin masu kallonka suna Kano da Maraɗi da Kumasi, ba zasu tuƙo mota su zo ba. Amma hoto bashi da yare, wanda baya jin kalma ɗaya zai iya tsayar da bidiyon ya karanta dutsen. Dan haka na farko, wurin dattijon nan kar ka kunna kyamara a cikinsa sam sai da izininsa, ko da kuwa ya riga ya cika. A doka ba nasa bane, amma shi ya kai ka, amana ce, kuma a tsakanin maharban nan ba abin da ke kashe abota kamar wannan, ko ka kai wani wurin da aka kai ka ba tare da ka tambaya ba. In wurin da ka nemo da ƙafarka ne toh kai ka sani, amma kar ka faɗi lambar yanki ko sunan gari ko na rafi, Kolorado kawai ma ta isa, in son samu ne kace yammacin Amurka. Ka kauce wa layin saman tsaunuka, allon bakin hanya, lambar titin daji, hasumiyar sadarwa, tafki mai siffa ta daban, ka ɗauki hoton dabba kyamara na kallon ƙasa ko duhuwar itace. Kar ka ɗora kana cikin daji, bari sai kaka ta wuce. Facebook da Instagram suna goge bayanin GPS da ke cikin hoto in ka ɗora, amma in ka tura hoton a matsayin fayil ta WhatsApp ko imel yana tafiya da komai, gara ka kashe alamar wuri a kyamarar tun farko. In kana ɗaura agogon motsa jiki ka duba saitinsa, a 2018 taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta tona sansanonin sojan Amurka a ƙasashen waje saboda sojoji na gudu da agogo, balle kwarin elk ɗinka. Masu tambaya a inbox suna cewa dan Allah wane yanki ne, ka koya musu yadda ake karanta taswira da alƙaluma, kar ka tura alama, alamar da ka tura wa mutum ɗaya ta zama ta gurup ɗinsu.

Dokar EXPLORE da aka sa wa hannu a Janairun 2025 ta sassauta neman izinin ɗaukar bidiyo ga 'yan mutane kaɗan a filin tarayya, amma in zaka samu kuɗi da shi ka kira ofishin gandun dajin yankin ka tambaya, kira ɗaya ne. Jirgi mara matuƙi kuwa ka barshi a gida, neman dabba da shi laifi ne a Kolorado. Sannan ka kula da abin da kake nunawa, jini da harshe a waje da zama a kan gawar dabba ana dariya, waɗannan hotunan su ake ɗauka a yi kamfe da su. A 2024 an kai ƙuri'ar hana farautar zakin dutse gaban jama'ar Kolorado, ta faɗi, amma kusan kashi 45 sun goyi baya, kuma yawancin masu zaɓen nan a Denba da kewaye suke. Ni da zaka ji tawa, ka fi bada ƙarfi a fiɗa da ɗauko naman a baya da yadda ake sarrafa shi, kilishin elk kaɗai ya isa ya tara maka masu kallo, kuma ba ya tona wurin kowa.

Samun sarari kuma yana yiwuwa har yanzu, sai dai ka daina bin darasin da kowa ke bi. Tunda kowa ya tafi mil uku, ka duba ƙananan wuraren da ke rabin mil daga kwalta waɗanda ba wurin fakin a kusa, masu gangare mai tsanani ko sarƙaƙiyar itacen oak da ba wanda ke son shiga, ko ɗan filin BLM mai eka ɗari biyu da ke manne da gandun mutum inda dabbobin ke ratsawa safe da yamma. Asabar da Lahadin buɗewa ka barwa jama'a, Talata zuwa Alhamis rabin sansanonin sun naɗe. Shafin hukumar namun dajin jihar na fitar da adadin maharban kowane yanki da yawan waɗanda suka samu, kyauta, ka nemi mai matsakaicin nasara ba na saman jeri ba, dan na saman shi kowa ya gani. Ka nemi tag ɗin mace a ƙuri'a, yawan mutane a ƙayyade yake kuma naman ya fi laushi, in ka sa shi a zaɓi na biyu baya cin makinka, sannan a farkon Agusta ana fitar da ragowar tag. In kun haɗu da wani a bakin hanya ka yi masa magana, ina ka nufa, ni zan bi ta nan, yawanci ana rabuwa lafiya, wanda ya riga isa kwari a bar masa.

Akwai kuma filayen da ba kowa ke shiga ba saboda a kulle suke. Binciken onX da ƙungiyar kare daji da namun daji ta TRCP ya nuna eka miliyan 9.52 na tarayya a yamma ba hanyar shiga sai ta filin wani. Da yawa asalinsu tun rabon filin jirgin ƙasa ne na shekarun 1860, aka yanka ƙasa murabba'i murabba'i mai mil ɗaya, wannan na kamfani na gefensa na gwamnati, a haka a haka, sai ya zama filayen gwamnati a kusurwa kawai suke taɓa juna. Wasu maharba huɗu daga Mizuri suka tsallaka irin wannan kusurwar a Elk Mountain ta Wayomin, a 2021 har da tsani suka yi amfani dan kar su taɓa ƙasar mai gandun, aka kai su kotu, masu taimaka wa alƙali suka wanke su a 2022, mai filin ya shigar da ƙarar diyya ta miliyoyin daloli, kuɗin lauyansu ma a intanet aka tara. A Maris 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta goma ta ce suna da gaskiya bisa wata doka ta 1885 da ta hana killace filin jama'a, a Oktoba kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar. Hukuncin ya shafi Kolorado tunda tana ƙarƙashin wannan kotun, Montana da Aidaho kuwa basa ciki.

Sai dai kar ka ɗauki wannan da gaggawa. Hukuncin a kan tsallakawa daga filin tarayya zuwa filin tarayya ne, daidai kan kusurwar, ba tare da ka taka na mutum ba, kuma ɗigon wayarka na iya kaucewa da 'yan mitoci, sai ka nemo ƙarfen alamar safiyo da ke kafe a ƙasa ka tsallaka ta kansa. Ka tuna in ka harbi elk a ciki ta wannan kusurwar zaka fito da naman, sawu huɗu ko biyar da kaya a baya. Sannan filin da manhaja ta nuna maka na jiha ne ba na tarayya ba, a Kolorado ba a buɗe yake kai tsaye ba, sai wanda aka saka cikin shirin shigar jama'a, kuma shi ma yana da watanninsa, ka duba ɗan littafin filayen jiha na shekarar kafin ka sauka daga mota.